Alade da daddare, talotalo da asuba: amsa ga mai shirin farauta a gandun kiwo na Texas

Wani ɗan'uwa da ke karatun aikin gona a Texas ya aiko da tambaya. An tura shi koyon aiki wani gandun kiwon shanu a kudancin jihar. Ranar farko mai gandun ya ce masa aladen daji kam ko'ina ya gan shi ya harbe, dare ko rana, ba sai ya nemi izini ba. Talotalon daji kuwa kada ya kuskura ya nuna masa bakin bindiga sai lokacinsa ya zo, sai da lasisi a aljihu, kuma toro kawai. Yana son sanin me ya kawo wannan bambanci, yaya ake farautar kowanne, kuma shin harbin da ake ta yi yana rage aladun kuwa?

Malam, sannu da aiki. Abin da maigidanka ya gaya maka tushensa doka ce. A wurin hukumar kula da namun daji ta jihar, wato Texas Parks and Wildlife, talotalo ɗan ƙasa ne, dukiyar jama'a ko da a filin wani yake kiwo. Ana so ya yawaita, a riƙa ɗiban kaɗan. Alade kuwa baƙo ne da ya tsere ya zama annoba, burin kowa shi ne ya ragu. Zan fara da aladen, don a nan mutane suka fi ruɗewa.

Nahiyar Amurka ba ta da alade na asali. Turawan Sifen ne suka kawo shi. Hernando de Soto ya sauka da garkensa a Florida a 1539, wasu suka ɓalle. Daga baya manoma suka riƙa sakin nasu su yi kiwo a daji sai lokacin yanka a kamo, wanda ba a kamo ba ya zama na dawa. Sannan a shekarun 1930 wasu masu gandu a Texas suka shigo da ainihin aladen dajin Turai don harbin nishaɗi, shinge ya ɓalle, jini ya gauraya. Shi ya sa a garke ɗaya za ka ga baƙi wuluk mai dogon baki, ka ga ja, ka ga mai dabbare-dabbare irin na gida. A farkon shekarun 1980 jihohin da ke da su ba su kai 20 ba. Yanzu Ma'aikatar Noma ta Amurka tana cewa sun haura miliyan 6, a jihohi 35 ko fiye. Da yawa daga wannan yaɗuwa ba da ƙafarsu suka yi ta ba. A bayan mota aka kai su, masu son samun abin harbi kusa da gida suka sake su a ɓoye.

Texas ce ke ɗauke da kaso mafi girma. Masu bincike na jami'ar Texas A&M sun kiyasta kusan miliyan 2.6 tun wajen 2012, kuma an same su a gundumomi 253 cikin 254 na jihar, El Paso kaɗai ta tsira. Sirrin yana wurin haihuwa. Cikin aladiya kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Tana zubar da 'ya'ya biyar ko shida a haihuwa ɗaya, in abinci ya wadata tana iya yin biyu a shekara, 'yarta kuma kafin ta cika shekara ta ɗauki nata cikin. Babban alade ba shi da mai cinsa a dajin nan sai mutum. Da aka yi lissafin, an ga sai an kashe kusan kashi 70 cikin 100 kowace shekara kafin adadin ya tsaya inda yake. Ka lura, ya tsaya na ce, ban ce ya ragu ba. Duk harbi da tarkon da ake yi a Texas bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ɓarnar kuwa ka riga ka gani ko za ka gani. Ka tashi da safe ka tarar da makiyaya mai kyau an juye ta, ramuka har gwiwa, saiwar ciyawa a sama tana bushewa. Tarakta ta shiga ta karya ƙafa, doki ya taka ya gurɗe. In an shuka masara, sukan bi layi su tono irin ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda injin ya zuba shi. Ba su da hanyar yin gumi, don haka da zafi ya taso sai tafkin da shanu ke sha, su yi birgima su mayar da shi taɓo. Suna cin ɗan rago da ɗan akuya sabon haihuwa, suna cin ɗan barewa, suna cin ƙwai duk inda suka same shi a ƙasa. Kiyasin da aka daɗe ana ambato shi ne asarar dala biliyan 1.5 a shekara a faɗin ƙasar, wani da aka yi daga baya ya kai biliyan 2.5.

Saboda haka jiha ta sakar wa mafarauta mara. Babu lokacin buɗewa ko rufewa, babu iyakar adadi, an yarda da harbin dare. A 2011 aka halatta wa mai kuɗi ya sayi kujera a jirgi mai saukar ungulu ya harba daga sama. A 2019 aka cire sharaɗin lasisi ga mai harbin alade a filin wani in mai filin ya yarda. Filayen Texas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na mutane ne, ba na gwamnati ba, don haka kusan kowace farauta daga bakin mai gandu take farawa.

Alade a inda ake matsa masa ɗan dare ne. Idonsa ba shi da ƙarfi, kunnensa da dama-dama, hancinsa kuwa shi ne komai nasa. Kana iya matsowa har taku talatin a fili in iska tana kaɗowa daga gare shi zuwa gare ka. In ta juya ta ɗauki warinka ta kai masa, ko kana nesa garke ya watse. Kafin ka taka, ka ɗebi ƙura ka saki ka ga inda ta nufa. Yawancin masu gandu suna da injin watsa masara da aka kafa don barewa, yana juyawa da safe da yamma, aladu sun haddace ƙararsa. Can ake zaman jira a kan dakali mai tsayi. Masu hali sukan sa wa bindiga na'urar da ke ganin zafin jiki, su bi gefen gonaki cikin duhu, dabba ta fito fari fat a madubi. Na'urar nan tana da haɗarinta, domin ɗan maraƙi a kwance da alade a tsaye kusan siffa ɗaya suke bayarwa daga nesa, kuma kai a gandun shanu kake. Kada ka ja kunama sai ka ga tafiyarsa da dogon bakin nan ƙarara, ka kuma san abin da ke bayansa.

Wurin harbi ma ana kuskure. Wanda ya saba da barewa yakan auna bayan kafaɗa, a alade kuwa nan tumbi ne. Zuciyarsa da huhunsa sun fi matsowa gaba da ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba. Tsohon toro, wato namijin alade, yana da wata fata mai kauri da tauri da ta rufe kafaɗunsa, wadda ke kare shi daga hauren 'yan'uwansa a wurin faɗa, ƙaramin harsashi kan maƙale a ciki. In yana kusa kuma ya tsaya cik, gindin kunne ya fi. Yawancin manya kilo 45 zuwa 90 ne, amma akan samu wanda ya haura 130. Mai rauni da ya shige ƙaya, kada ka bi shi da dare. Haurensa na ƙasa yana gogar na sama kullum, kaifi ne da shi, kuma daidai cinya yake sara.

Akwai masu karnuka. Wasu karnukan aikinsu bin sawu su tsare shi da haushi, irin su Catahoula, sai a saki mai ƙarfi sanye da rigar kariya ya kama kunne, mutum ya ƙarasa da wuƙa. Wannan ba aikin sabon shiga ba ne, kallo ya ishe ka. Jirgi kuma yana aiki sosai a fili mai sarari, musamman ƙarshen sanyi da ganye ya zube, amma da tsada, kuma a daji mai duhu ba ya ganin komai.

Ka tambaya ko harbi yana rage su. A gaskiya ba ya yi, sau da yawa ma ƙara dagula lamarin yake. Aladu suna yawo ne a garke na iyaye mata da 'ya'yansu, goma, ashirin, wani lokaci fiye, manyan toraye kuma su kaɗai suke tafiya. Ka zauna a dakali, garke ya zo, ka kayar da ɗaya ko biyu. Sauran goma sha biyar sun gudu, kuma sun koyi darasi: wurin nan da mutuwa, sai tsakar dare za a zo, ko a koma gandun maƙwabci. Mafarauci kuma idonsa kan toro mai haure yake, don shi ke kyau a hoto, alhali uwar da ke haihuwa ita ce matsalar. Ka cire toro ɗaya, wani ya maye gurbinsa kafin mako.

Abin da ke aiki shi ne kama garke gaba ɗaya a tashi ɗaya, kuma wannan sai haƙuri. Da farko a kafa kyamara a inda suke bi, a zuba masara, a ƙirga su. A san uwa nawa, 'ya'ya nawa, wace ce mai wayon da ke tsayawa baya. Sai a kafa shingen ƙarfe mai faɗi, zagayayye, don in da kusurwa sukan taru a nan su hau bayan juna su tsallake. A bar ƙofa a buɗe kwana da kwanaki, ana matsar da masarar ciki kaɗan-kaɗan. Yara ne ke fara shiga, ba su san komai ba. Tsohuwar uwa kan tsaya a bakin ƙofa tana shinshina ƙarfe, ta juya, ta dawo gobe. Ƙofar zamani da waya ake sake ta: kyamara ta aiko maka hoto ƙarfe biyun dare, kana kan gado ka ƙirga. In goma sha bakwai ka sani kuma goma sha huɗu ke ciki, ka ajiye wayar ka koma barci. Nan ne mutane ke faɗuwa, hannu ya yi ƙaiƙayi su danna. Ukun da suka ga ƙofa ta faɗo kan 'yan'uwansu da wuya su sake shiga shinge, kuma yawanci su ne manyan matan. Duk tsawon wannan lokaci ba a harbi a kusa, ba a kawo karnuka. Bindiga tana zuwa ne daga baya, a bi tsirarun da suka ƙi tarko.

Wasu jihohin sun ɗauki hanyar da za ta ba ka mamaki. Kansas ta hana farautar alade ta nishaɗi tun 2006, Missouri ta hana a filayen hukumarta ta kula da namun daji a 2016. Hujjarsu ita ce muddin ana jin daɗin harbinsa, za a samu mai sakinsa, kuma mafarauta suna watsa garken da ma'aikata suka yi makonni suna lallaɓawa. Ni ina ganin suna da gaskiya a inda aladun ba su yi yawa ba tukuna. A Texas an wuce nan. Sai dai ka lura da wani abu a gandun da kake: in maigidanka yana karɓar kuɗi wurin baƙi masu zuwa harbin alade a ƙarshen mako, to bakinsa na cewa su ƙare, aljihunsa na cewa a bar iri. Ba zagi ba ne, kiwon shanu ba kullum yake biyan kansa ba, kuɗin haya daga mafarauta ne ke riƙe gandaye da yawa. Amma ka san wane aiki aka sa ka, rage su ko kiwonsu.

Gawar fa? In kai Musulmi ne, cin naman ba abin tattaunawa ba ne, kuma doka ba ta tilasta wa kowa ɗauka, da yawa ja ake yi a kai wani kwari a bar wa ungulu. Amma ko ja za ka yi, sa safar hannu. Suna ɗauke da cutar burusela mai kama mutum ta jini da ruwan jiki in akwai ƙujewa a hannu, zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa wata da watanni. Akwai kuma wata cutar da ba ta cika taɓa mutum ba amma tana kashe kare cikin 'yan kwanaki, don haka kada a jefa wa karnukan gandu ɗanyen naman. Abokan aikinka masu ci, su dafa har cikinsa ya kai digiri 71. Ɗaukar mai rai a mota kuwa akwai dokar hukumar lafiyar dabbobi a kai, sai zuwa wuraren da aka amince.

A kudancin Texas akwai wata dabba da ake kira habelina, ƙarama, toka-toka, da farin zobe a wuya, ba a ganin wutsiyarta. Ta yi kama da ɗan alade amma ba alade ba ce, 'yar ƙasa ce, tana da lasisi da iyaka, biyu a shekara. Ka harbe ta da sunan alade, tara ce. Kuma kada ka yi mamaki in wata rana ka hangi gadu, namu na Afirka, irin wanda ke yawo a Yankari, da wutsiya a miƙe sama yana gudu. An kawo su gandayen da ke tara namun dajin ƙasashen waje, suka haƙa ƙarƙashin shinge suka fice, yanzu suna haihuwa a dajin yankin.

Talotalo labarinsa akasin wannan ne. Kafin zuwan Turawa miliyoyi ne, sare daji da harbin kasuwa suka kusa ƙarar da shi, zuwa shekarun 1930 ya ɓace a jihohi da dama. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya aikin farfaɗo da namun daji. An fara gwada kiwonsu a keji a saki, ba su rayu ba, domin tsuntsun da uwa ba ta koya wa daji ba abincin dila ne. Sai a farkon shekarun 1950 aka samu dabarar ragar da ake harbawa da albarushi ta rufe garke, a kwashi na daji na gaske a kai inda babu. Ƙungiyar National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973 ta sa hannu sosai. Zuwa farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan 7, ana samunsu a kowace jiha ban da Alaska. Tun daga nan kuma suna ɗan raguwa a wurare da yawa, shi ya sa hukumomi suka sake ɗaure fuska.

Iri biyar ne a Amurka, naku na wurin shi ake kira Rio Grande, mai dogayen ƙafafu, gefen wutsiyarsa ruwan ƙasa-ƙasa. Dalilin da ya sa ake barin mace a fili yake. Tana yin ƙwai 10 zuwa 12 a ƙasa cikin ciyawa, ɗaya a rana, ta kwanta a kai kwana 28. Maciji, rakun (wata 'yar dabbar daji mai satar ƙwai), koyoti (wani irin dila) da alade duk suna nemansa, sheƙa da yawa ba ta kaiwa ƙyanƙyasa. 'Yan tsakin da suka fito kuma sai sun yi mako biyu a ƙasa kafin su iya tashi bishiya, a nan ake rasa mafi yawansu. Toro ɗaya yana barbarar mata da yawa, cire shi bayan ya gama aikinsa ba ya taɓa haihuwar bana. Ban da farautar kaka da ake yi a gundumomi da yawa, ana buɗe ta bazara tsakanin Maris da Mayu, ranakun sun bambanta daga gunduma zuwa gunduma, iyaka mafi yawa huɗu a shekara, wasu gundumomin ɗaya. Ban da lasisi akwai ƙarin izinin tsuntsayen tudu, akwai tambarin da ake ɗaura wa ƙafa da zarar ya faɗi. Harbinsa a kan bishiyar da yake kwana haramun ne a doka. Ka duba littafin hukuma na wannan shekarar, don ana sauya abubuwa.

Duk abin da ka koya a alade, juya shi. Talotalo hancinsa ba kome ba ne, iska ba ta dame ka ba. Idonsa ne bala'i: yana ganin launi, yana ganin kusan kewayensa duka ba tare da ya juya sosai ba, motsin yatsa ya ishe shi. In ya tsorata yana gudun kilomita 40 a awa, ya kuma tashi sama, ba kamar na gida da ƙiba ta danne ba.

Aikin yana farawa tun jiya da magariba. Rio Grande yana kwana a dogayen itatuwan bakin rafi, kuma yakan riƙe wuri ɗaya shekara da shekaru. Ka tsaya nesa ka saurari fuka-fuki suna bugawa suna hawa. Gobe kafin assalatu kana zaune, taku ɗari ko fiye daga bishiyar, bayanka jingine da gindin itace wanda ya fi kafaɗunka faɗi, fuska da hannu a rufe, bindiga a kan gwiwa. Gari na fara wayewa toro zai saki kukansa daga sama, ana jinsa kusan kilomita ɗaya da rabi in iska ta kwanta. A wannan lokacin duk wata ƙara mai kaifi tana sa ya amsa ba shiri, kukan mujiya, na hankaka, har rufe ƙofar mota, da haka ake gane inda yake. Sai ka yi kiran mace, a hankali. Akwai ɗan akwatin katako da ake goga murfinsa, akwai faifan dutse da ake karta da tsinke, akwai wata 'yar roba da ake maƙalawa a ganɗa, wadda ta fi wuyar koyo amma tana barin hannu biyu a kan bindiga.

Wahalar ita ce kana neman ya saɓa al'adarsa. A daji toro ke tsayawa ya baje wutsiya ya ja fuka-fuki a ƙasa, mace ta zo wurinsa. Kai kana so shi ya tako. Sau da yawa zai zo taku sittin ya tsaya, yana kai da komowa, kansa na sauya launi daga ja zuwa fari zuwa shuɗi, yana jiran wadda ya ji ta fito. Sabon shiga a nan yakan ƙara kira, toro ya ƙara tabbata tana tafe, ya ƙi motsi. Yi shiru. Ka ɗan karci busasshen ganye da hannu, shi ke nan. Minti ashirin na iya wucewa ba ka ji komai ba, ƙafarka ta mutu, sauro na cizo, sai ka ga farin kai ya ɓullo ta gefen da ba ka zata ba. Kada ka juya sai ya shiga bayan itace ko wutsiyarsa ta rufe masa ido. Bindigar tsuntsu ake amfani da ita, mai watsa ƙwayoyi, a auna kai da wuya lokacin da ya miƙe su, kada ya wuce mita 35. Gashin jikinsa yana tare ƙwayoyin, harbin ƙirji raunata shi kawai yake ya je ya mutu a ɓoye. Ka tabbata ka ga gemun da ke rataye a ƙirjinsa. Mai gajeren gemu, wanda gashin tsakiyar wutsiyarsa ya fi na gefe tsawo, ɗan bara ne, masu gandu da yawa sun fi so a bar shi ya ƙara shekara. In ka same shi da sauran rai ka yanka. Bismillar kuwa tun lokacin jan kunama ake yinta, kamar yadda malamai suka koyar a babin farauta.

Akwai wata dabara da ta yi tashe, mutum ya riƙe wutsiyar toro a baje a gabansa ya yi rarrafe, toron gaske ya taso da faɗa. Duk wanda ya san maharbanmu na da, masu ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya cikin ciyawa, ya san wannan wayon. Yana ci, amma ban ba ka shawara ba, wasu jihohin ma sun taƙaita shi. Kana mayar da kanka abin da kowane mai bindiga a dajin ke nema. Saboda wannan dalilin ne ba a sa ja ko fari ko shuɗi a farautar talotalo, launin kan toro ke nan, ko farar hula ko bakin farar singileti. Kuma in ka ji kiran mace, kada ka bi shi da sanɗa, wataƙila wani mutum ne zaune da bindiga. In ka hangi mutum yana tahowa, yi magana da murya, kada ka ɗaga hannu.

Inda dabbobin biyu suka haɗu shi ne gindin injin masarar nan. An kafa shi don barewa da talotalo, amma alade ke cinye kaso mai yawa, kuma uwar da ta ƙoshi ita ke yawan haihuwa. Wurin yana tara rakun da sauran masu cin ƙwai daidai inda matan talotalo ke yawo, masarar da ta jiƙe ta yi fumfuna kuma guba ce ga tsuntsu. Gyara mai araha shi ne a zagaye injin da shingen ƙarfe mai tsayin santimita 70 zuwa 85, barewa ta tsallaka, alade ya tsaya waje. In kana son maigidanka ya san an turo masa ɗalibi, kawo masa wannan, ka ƙara da cewa a kammala tarkon aladu a watannin sanyi, lokacin da abinci ya yi ƙaranci suna shiga da sauƙi, kafin matan talotalo su fara kwanci. A bar dogayen itatuwan rafi in ana share daji, a kuma ɗage shanu daga makiyayar da ke kusa da su a watannin sheƙa, ciyawa ta yi tsayin da za ta ɓoye ƙwai.

Akwai abu ɗaya da maigidanka ba lalle ya sani ba, don shi ɗan ƙasa ne bai shafe shi ba. Texas ta ce alade ba ya bukatar lasisi, amma dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci, irin ta ɗalibai, riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin wasu 'yan keɓantattu, kuma mafi sauƙinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta bayar. Wato abokin aikinka Ba'amurke zai iya ɗaukar bindiga ya bi alade ba takarda, kai ka yi haka ka shiga babban laifin da zai iya cinye bizarka. Ka sayi lasisin kafin ka taɓa ko bindigar aro, ka lura yana ƙarewa ranar 31 ga Agusta kowace shekara. Duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 kuma sai ya yi kwas ɗin koyon farauta, babba yana iya yinsa ta intanet. Ka sa maigidan ya rubuta maka izini a takarda, ya zaga da kai ka ga iyakar filinsa. In ka ga fenti mai launin shunayya a jikin itace ko turken shinge, filin wani ne, ko dabbar da ka harba ta faɗa can sai ka nemi izinin mai shi kafin ka tsallaka.